IDAN ABOKIN AIKINKA YANA SHIGAR MATA

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:26-39, Yakubu 3:7-10

Maganar da za mu ɗauka yau magana ce wadda yawancinmu muka fi so mu yi ta da dariya a bayan ofis ko a gindin mangwaro, amma ba ma so a kawo ta gaban majami'a. Duk da haka tana nan tare da mu. Wata 'yar'uwa tana aiki a kicin na otal, babban mai dafuwa kuwa namiji ne mai magana da rangwaɗa irin ta mata. Wani ɗan'uwa yana da shagon ɗinki, yaron da ya fi kowa iya ɗinkin mata yana sa ɗankunne da jambaki. Wani kuma ɗanmu ne da ya tafi aikin jinya a Ingila, ya tarar a ɗakin da yake aiki akwai wanda aka haifa namiji, amma takardun aiki da bajon da ke ƙirji duk suna ɗauke da sunan mace. Kowannensu yana zuwa sujada ran Lahadi, ran Litinin kuma ya koma wurin aiki da tambaya ɗaya a zuciyarsa: yaya zan zauna da wannan mutum?

Kafin mu ce kome game da zama, bari mu rarrabe abubuwa, gama mun saba zuba mutane iri iri cikin kwando ɗaya mu sa musu suna ɗaya.

Na farko su ne waɗanda muka sani tun muna yara, watau 'yan daudu. Ba Turawa suka kawo su ba, ba kuma talabijin ba. Masana suna danganta sunan nan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori, wanda masu bori suke kwatanta shi da saurayi kyakkyawa mai son ado da ɓarnar dukiya. Ɗan daudu namiji ne mai ɗabi'u da magana irin na mata, wani lokaci da ɗaurin zane ko ɗankwali, mai yin sana'ar da al'ada ta ba mata. Babbar sana'arsu ita ce abinci. Duk wanda ya yi tafiya a motar haya a ƙasar nan ya ci tuwo ko soyayyar kaza daga hannunsu a tasha, ko ya sani ko bai sani ba. A manyan bukukuwa su ne akan kira su girka wa ɗaruruwan baƙi. Gaskiya ne an san waɗansunsu da kawalci a gidajen karuwai, ba za mu ɓoye wannan ba, amma ba dukansu ba ne. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna tare da su a Kano a shekarun 1990, ya kuma buga littafi a kansu a 2009. Cikin abin da ya nuna akwai wanda zai ba waɗansunmu mamaki: da yawa daga cikinsu suna ɗaukar kansu maza ne, suna aure, suna haihuwa, suna ciyar da iyali da kuɗin tukunyarsu, waɗansu har da ɗaukar nauyin iyaye da ƙanne. Waɗansunsu kuma sun shiga wannan rayuwa ne tun suna samari, bayan an kore su daga gida ko an hana su sakat da ba'a, sai wani babba a cikin sana'ar ya ba su wurin kwana da aikin wanke tukwane.

Na biyu su ne waɗanda Hausawa suke kira mata-maza. Wannan al'amarin jiki ne, da shi ake haihuwar mutum. Akan haifi jariri wanda ungozoma ma ta kasa faɗa ko namiji ne ko mace. Wani kuma ba a ganewa sai lokacin balaga, sa'ad da yarinya ba ta ga al'ada ba, ko muryarta ta buɗe, ko yaro ya fara ƙirgen dangi. Likitoci sun san dalilai da yawa na wannan, waɗansu a ƙwayoyin halitta, waɗansu a sinadaran da jiki yake sarrafawa. Babu zunubin kowa a ciki, ko na yaron ko na iyayensa, kamar yadda Ubangiji ya amsa wa almajirai a kan makahon nan na Yahaya sura 9. A Matiyu 19:12 ma Yesu da kansa ya ambaci waɗanda suka fito daga cikin uwa ba kamar sauran maza ba, bai kuwa yi musu ba'a ba.

Na uku su ne masu sauya jinsi, waɗanda ake yawan jin labarinsu yanzu a rediyo da waya. Waɗannan jikinsu na namiji ne ko na mace sarai, amma suna cewa tun suna ƙanana suke jin cewa ba su ne wannan jikin ba, har abin ya zama musu azaba. Waɗansu sukan canja suna da tufafi kawai. Waɗansu sukan sha magungunan da suke canja murya da fata da gashi, waɗansu har su kai ga tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana lissafa wannan hali cikin cututtukan ƙwaƙwalwa, amma a 2019 ta fitar da shi daga wannan babi a sabon kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Ko mutum ya yarda da hukumar ko bai yarda ba, ya kamata ya sani cewa damuwar da mutanen nan suke faɗa ba wasa ba ce a gare su.

Akwai kuma na huɗu, su ne suka fi yawa, su ne kuma muka fi zalunta: mutanen da ba su yi kome ba. Saurayi mai siririyar murya. Namijin da ya iya girki domin shi kaɗai uwarsa ta haifa. Mace mai gemu kaɗan a haɓa, ko mai faɗin kafaɗa, ko wadda ta zama makanike. Da zarar an laƙa wa irin wannan suna a wurin aiki, to, sunan ya bi shi ke nan har gidan surukai.

Yanzu sai mu zo ga ayar da kowa ya sani. Maimaitawar Shari'a 22:5 ta hana mace ɗaukar kayan namiji, ta hana namiji sa tufafin mace, da kalmomi masu nauyi ƙwarai. Ba za mu share ayar ba. Yawancin ikkilisiyoyinmu a ƙasar nan suna haɗa ta da Farawa 1:27, suna koyar da cewa Allah ya halicci mutum namiji da mace, bambancin nan kuma kyauta ce daga hannunsa wadda bai kamata a ruɗa ta ba. Akwai ikkilisiyoyi a Turai da Amurka da suke fassara al'amarin dabam, gardamar kuwa ta raba manyan ɗarikoki. Mu a nan ba mu zo mu sake koyarwar ikkilisiyarku ba.

Amma fa ayar ba ta ba mu jerin tufafi ba. A zamanin Musa maza da mata duk riguna masu tsawo suke sawa, ba wanda ya san wando irin namu. Masu nazarin Littafi Mai Tsarki sun bambanta a kan abin da dokar ta nufa tun farko: waɗansu sun ce tsafin al'umman da ke kewaye da Isra'ila ne, inda ake musayar tufafi a gaban gumaka; waɗansu sun ce yaudara ce ake hanawa, kada mutum ya ɓad da kama ya shiga inda bai kamata ba. Tufafi kuma kowace ƙasa da nata. Dattijon Tibi ko na Ibo yana ɗaura zane, ba wanda ya ce ya zama mace. Ango a ƙasar Hausa yana sa lalle, tsofaffinmu maza suna sa kwalli. Samarin Wodaɓe a Nijar suna shafa fuska da launi, su yi ado da duwatsu da gashin jimina a bikin Gerewol bayan damina, kuma a wurinsu wannan shi ne cikar samartaka. Mutumin Sikotilan yana sa fatari ran bikinsa. A wancan gefe kuma, a aikin bautar ƙasa, wanda aka kafa a 1973, an daɗe ana muhawara a kan wandon 'yan mata, har a 2019 aka sallami waɗansu 'yan mata biyu daga sansanin Jihar Ebonyi domin sun ƙi sa wando saboda imaninsu. Alhali kuwa akwai dubban mata masu tsoron Allah, 'yan sanda da sojoji da ma'aikatan jinya, da suke sa shi kullum da lamiri mai tsabta. Idan masu bi da kansu ba su gama shiryawa a kan wando ba, ya kamata mu yi a hankali kafin mu yanke wa baƙo hukunci daga ganin rigarsa.

Wani abu kuma, kaɗan ne cikinmu suka karanta sauran surar. Ayoyi huɗu na farko suna magana ne a kan abin da za ka yi idan ka ga san ɗan'uwanka ya ɓata, ko jakinsa ya faɗi a hanya: kada ka kau da kai. Aya ta 8 tana umartar mai gini ya yi wa soronsa katanga don kada wani ya faɗo ya mutu, alhakin jini ya hau gidansa. Surar da muke ɗauka mu jefi mutum da ita, ita ce kuma take ce mana ran maƙwabci yana wuyanmu.

Ran mutanen nan kuwa yana cikin hatsari, wannan ba zato ba ne. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza a sashe na 405, ko da yake waɗansu jihohi sun sake fasalin dokokinsu tun daga lokacin. Daga shekara ta 2000, da jihohi goma sha biyu suka faɗaɗa aiki da Shari'a, 'yan daudu da yawa suka rasa wuraren sana'arsu, waɗansu suka bar garuruwansu. A watan Agusta 2007 aka kama maza 18 a wani otal a Bauchi bisa zargin shigar mata. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, mai ɗaurin shekara 14. Dokar nan ba ta ambaci tufafi ba, shi ya sa a 2022 wani ɗan Majalisar Wakilai ya kawo ƙudurin ƙara hana shigar mata a cikinta, ƙudurin kuwa bai zama doka ba. Amma mutumin titi ba ya karanta sashe. Abin da ya ji shi ne gwamnati ta ce a kama su, sai ya ɗauki sanda. A watan Agusta 2024 aka tsinci gawar wani mai shigar mata, wanda aka sani a TikTok da laƙabin Abuja Area Mama, a gefen hanya a Abuja da raunuka a jiki.

Saboda haka kalma ɗaya da ka furta a wurin aiki tana iya zama wuƙa. Ka ɗauki hoton abokin aikinka a ɓoye ka sa a WhatsApp don a yi dariya. Kai ka yi dariyarka ka manta, shi kuwa mai gidan haya ya kore shi, samarin unguwa sun tare shi da dare. Mu Kiristocin Arewa, da maƙwabtanmu Musulmi da suke zaune a inda su ne kaɗan, mun fi kowa sanin abin da jita-jita take yi sa'ad da ta faɗa hannun taro. Mun binne mutane saboda an ce, an ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya koya wa taro jifa yau, ba shi da tabbacin wanda za a jefa gobe. Littafin Firistoci 19:16 ya haɗa yawo da tsegumi da sa ran maƙwabci cikin hatsari a aya ɗaya, ba kuwa a banza ba.

Akwai wani mugun abu da ya fi tsegumi, shi ne cin amana don riba. Mutum ya san asirin abokin aikinsa, sai ya riƙa karɓar kuɗi a hannunsa kowane ƙarshen wata don kada ya tona. Ko ana neman ƙarin girma, mutum biyu suna takara, sai ɗayan ya je wurin oga ya raɗa masa magana. Ko mai shago ya riƙe albashin yaronsa wata uku, domin ya san yaron ba zai iya zuwa wurin 'yan sanda ba. Wanda ya yi haka, kada ya ce kishin Allah ne ya sa shi. Sunan abin ƙwace. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya ɗan ƙodago hakkinsa kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, ba ta kuwa sa sharaɗin irin tafiyarsa ko muryarsa ba. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji.

Mu kuma dubi kanmu kaɗan. Ran bikin 'yarmu mun neme shi, domin ba wanda ya kai shi iya miyar taushe da soya nama. Mun ci, mun side hannu, baƙi sun yaba. Washegari ya wuce ta ƙofar gidanmu, muka tofar da yawu, yaranmu suna kallo. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. A ofis ɗin da ake yi wa mai rangwaɗa ihu, akwai mai cin hanci, akwai mai neman matar wani, akwai mai rubuta sa'o'in da bai yi aiki ba, dukansu kuma muna cin abinci tare da su ba tare da ƙyama ba. Manzo Yakubu ya yi mamakin harshen da yake yabon Allah, ya juya ya zagi mutumin da aka yi cikin kamannin Allah. Kamannin nan ba ya gogewa don mutum ya ɗaura ɗankwali.

Karatunmu na yau ya kai mu hanyar hamada tsakanin Urushalima da Gaza. Mutumin da ke cikin karusar ma'aikacin gwamnati ne, shi ne mai riƙe da dukan baitulmalin sarauniyar Habasha. Shi kuma baba ne, watau an yi masa dandaƙa. Irin waɗannan ba baƙi ba ne a tarihinmu: Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara ba babanni manyan muƙamai a fada. Sarakuna sukan amince musu da dukiya da asiri, jama'a kuwa su yi musu dariya a bayan ido, su ce ba maza ba ne. A dokar Musa ma, Maimaitawar Shari'a 23:1 ta hana irinsa shiga taron jama'ar Ubangiji. Mutumin nan ya yi doguwar tafiya don yin sujada, yana komowa yana karanta annabi Ishaya bai gane ba. Ruhu ya ce wa Filibus ya matsa kusa da karusar. Filibus bai tsaya nesa ya ɗaga murya ba. Ya sheƙa a guje, ya yi tambaya, aka gayyace shi, ya hau ya zauna kusa da shi, ya fara daga inda mutumin yake karantawa. Sura uku gaba da wurin da yake karatu, a Ishaya 56, akwai alkawarin Allah ga babanni masu riƙe alkawarinsa, cewa zai ba su suna a gidansa wanda ya fi na 'ya'ya.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce baba da ɗan daudu da mai sauya jinsi abu ɗaya ne ba; baba yawanci ba shi ya zaɓa wa kansa ba. Abin da muke nunawa shi ne yadda bawan Allah ya kusanci mutumin da jama'a suke ganin bai cika namiji ba. Akwai ma wani Bahabashe kuma, Ebed-melek, shi ma baba ne a fadar Sarki Zadakiya. Sa'ad da manyan fādawa, cikakkun maza, suka jefa annabi Irmiya cikin rijiya mai laka don ya mutu, Ebed-melek ne ya je gaban sarki ya yi magana. Ya kuma tuna da abin da ba kowa zai tuna ba: ya nemo tsummoki ya zura wa annabin don ya sa a hammatarsa, kada igiya ta yanke shi. Ku karanta a Irmiya sura 38. Wanda kake raina a wurin aiki, wataƙila shi ne zai ba da jini ran da matarka take kwance a asibiti.

To, mu zo ga abubuwan yau da kullum. Abu mafi wuya gare mu masu jin Hausa shi ne harshenmu da kansa. Bature yana da kalma ɗaya ta kiran wanda yake magana da shi, ko namiji ko mace. Mu kuwa ba mu iya tambayar mutum ko ya kwana lafiya sai mun zaɓa tsakanin "ka" da "kin". Me za ka yi idan abokin aiki ya roƙe ka ka ce masa "ke"? Masu bi na gaskiya sun rabu a nan. Waɗansu sun ce wannan ladabi ne kawai, kamar yadda muke ce wa maƙwabci Alhaji ba tare da mun karɓi addininsa ba. Waɗansu sun ce a'a, wannan faɗar abin da ba su gaskata ba ne, lamirinsu kuma bai yarda ba. Romawa 14 ta koya mana kada mu raina juna a kan irin wannan. Wanda lamirinsa ya hana shi yana da hanyoyi: ya kira mutum da sunan mahaifinsa, ko da aikinsa, Tela, Mai abinci, Akawu, Nas, ko ya yi amfani da "ku" na girmamawa. Abin da ba ya halatta ga kowane ɓangare shi ne mai da kalma bulala, watau ka riƙa nanata "kai, namiji" da ƙarfi a gaban jama'a don ka ga fuskarsa ta canja, ko ka ce "Hajiya" kana ƙifta wa sauran ido.

Maganar bayan gida da ɗakin canja kaya ita ma takan kawo rigima, kuma ba daidai ba ne a ce wa matan da suka nuna damuwa masu ƙiyayya ne. Kunya da tsaron mata abu ne na gaske. Amma maganin yawanci yana hannun shugaban wurin, ba ya kuwa da tsada: ɗaki ɗaya mai ƙofa da sakata wanda mutum ɗaya yake shiga a lokaci guda. A kai maganar wurin oga a asirce, kada a tara mutane a bakin ƙofa.

Idan kuwa abokin aikin nan ya yi abin da bai dace ba, ya taɓa wani, ko ya yi maganar batsa, ko ya ja yaro ƙarami, sai a kai ƙararsa kamar yadda za a kai ƙarar kowa, bisa abin da ya aikata, da shaida. Amma kada a ɗora masa laifin da bai yi ba don kawai kamanninsa. Masu lalata yara da yawa sanye suke da babbar riga ko kwat, ba wanda ya taɓa zarginsu.

'Yan'uwanmu da suke aiki a ƙasashen waje, ko a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa a nan gida, su sani cewa a can doka dabam take. A Amurka akwai wata shari'a da ta yi suna. Aimee Stephens ta yi kusan shekara shida tana aiki a matsayin namiji a wani kamfanin shirya jana'iza a Jihar Mishigan (alƙalan sun kira ta "ita" cikin hukuncinsu, mu ma haka muka bi wajen ba da labarin). A 2013 ta rubuta wa mai kamfanin cewa za ta fara zuwa aiki a matsayin mace, sai ya sallame ta. Mai kamfanin Kirista ne, ya ce imaninsa ne ya sa. A ranar 15 ga Yuni 2020 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai shida a kan uku, ta yanke cewa dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana korar ma'aikaci saboda ya sauya jinsi. Stephens ba ta ji hukuncin ba, ta rasu wata guda kafin nan da ciwon ƙoda. A Birtaniya kuma, dokar daidaito ta 2010 ta kare masu sauya jinsi daga wariya a wurin aiki. Amma a 2021, a shari'ar wata mata mai suna Maya Forstater wadda ta rasa aikinta saboda ta ce jinsi ba ya canjuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta ce wannan ra'ayi ma doka ta kare shi, ta kuma ƙara da cewa wannan bai ba kowa izinin musguna wa abokin aiki ba. A Afrilu 2025 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce kalmar "mace" a cikin dokar 2010 tana nufin jinsin haihuwa, tare da jaddada cewa kariyar masu sauya jinsi daga wariya tana nan. Ma'anar wannan ga ɗanmu mai aikin jinya a can ita ce, ba za a tilasta masa ya canja abin da ya gaskata ba, amma ba'ar da aka saba yi a tashar mota a gida tana iya raba shi da aikinsa da takardar zamansa.

Wani zai ce, to, ba za mu yi musu wa'azi ba ke nan? Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta fari, sura 5, cewa horon ikkilisiya na 'yan ikkilisiya ne. Na waje kuwa Allah ne mai shari'anta su, in ba haka ba sai mu fita daga duniya ɗungum. Ofis ba majami'a ba ne, kai kuma ba a ɗauke ka aiki don ka zama dattijon horo ba. Idan abokin aikinka ya tambaye ka abin da ka gaskata, faɗa masa gaskiya, kada ka rage, da tawali'u da bangirma kamar yadda Bitrus ya umarta. Amma da wuya ya tambayi wanda ya ƙi amsa gaisuwarsa shekara biyu. Yawancin mutanen nan sun riga sun ji kowace irin la'ana daga bakin uba da kawu da malami tun suna shekara goma. La'anarka ba sabon abu ba ce a kunnensu. Abin da bai saba gani ba shi ne mai bi wanda ya zo gaisuwar mutuwar uwarsa, ko wanda ya ce wa sauran ma'aikata "ya isa haka" sa'ad da dariya ta yi yawa, ko ogan da ya ba shi ƙarin girman da aikinsa ya cancanta ko da yake ana gunaguni.

Yin haka yana da tsada, ba za mu ruɗe ku ba. Za a ce kai ma ɗaya ne daga cikinsu, ko a ce kana da wata manufa. 'Yar'uwa mai aure ko ɗan'uwa mai neman aure yana iya jin tsoron wannan, tsoron kuma ba na wauta ba ne. Hikima ita ce ka yi alherinka a fili, ba a ɓoye ba, ka kuma gaya wa matarka ko mijinki da fastonku abin da kake yi da dalilinsa, domin in magana ta tashi a sami masu shaida. An yi wa Ubangijinmu irin wannan magana sa'ad da ya sauka a gidan Zakka a Yariko, mutanen gari duka suka yi gunaguni, shi kuwa ya ci abincinsa a can.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu ɗauki ɓangaren da ya fi wannan zafi, watau sa'ad da mutumin ba abokin aiki ba ne, ɗan cikinka ne, kuma dangi sun taru suna cewa a kore shi daga gida. Kafin nan ku karanta Luka sura 15 tare da iyalanku.